Ajin da Aka Ce Ya Jira

Ranar da ya fara ganinta, hannunta ya fara gani a sama kafin fuskarta. Malamin firamare ne, yana zuwa jami'a a ƙarshen mako koyon tsara bincike a fannin ilimi, kuma ran nan shi ne a gaban aji. Ya haɗa wasu katuna masu harufa da hotuna, ya ce saboda su yaran ajinsa suka iya karatu. Sai zuba yake kamar ya riga ya karɓi digirin.

"Da me ka kwatanta?" in ji mai hannun. "In ko ba katinka za su iya fa?"

Dakta, malamin da ke koyar da su, ya ce tunda ita ta haƙa ramin, su biyun za su cike shi: aiki ɗaya za su yi, maki ɗaya za su ci.

Tun daga ranar yake ce mata Da Me, ita kuma Mai Kati. A bencin bayan laburare suke zama suna gardamar yadda za a auna yara kafin a fara da bayan an gama. Gardamar ce ta rikiɗe, har ya zama in bai ji muryarta ba yini ba ya yi masa daɗi. Wata rana ya tura mata saƙo:

"Da Me, na gwada kwana biyu babu ke, na kwatanta da ranakun da kike nan. Sakamako ya fito. Ina son zuwa gaishe da Abba."

Ta amsa: "Kwana biyu ya yi kaɗan a yanke hukunci, Mai Katina. Amma ka zo."

Abban nata shi ne hedimastan makarantar da suka zaɓa, domin tana da aji uku guda biyu, A da B. Tsarinsu shi ne a jefa ƙuri'a, aji ɗaya ya samu katunan, ɗayan ya ci gaba yadda aka saba, ƙarshen zango a auna. Ƙuri'a ta faɗa kan A. Sai a lokacin hedimasta ya gane abin da ya amince da shi, ya sa aka kira masa Mai Kati ofis.

Ya tambaye shi ko ya yarda katunan suna da amfani. Ya ce yana kyautata zato.

"Wato maganin yana aljihunka, kana kallon 'yan B ka ga yadda za su ƙare. Ku yi bincikenku, na riga na yi alkawari. Amma wanda zai hana yaro abin da zai amfane shi don ya samu abin rubutawa, ban ga yadda zan ba shi 'yata ba."

Mai Kati ya so ya ce ai ba a san amfanin ba sai an gwada, hedimasta ya mayar da tabaraunsa ya jawo wata takarda. Mataimakinsa kuwa, wanda ya daɗe yana kai gaisuwa gidan ba don Allah ba sai don 'yar, abin nema ya samu.

Zango ya yi rabi, Mai Kati ya zo wucewa ta tagar B, ya hango katunansa a hannun yara. In 'yan B ma sun samu, babu sauran abin kwatantawa, aikin ya tashi a banza. Mataimaki ya matso ya raɗa masa cewa a jakar Da Me katunan suke zuwa. Da yamma kuma ya je gidan, ya ce mata saurayinta ne ke sayen zuciyar Abba da katuna.

Saƙon Mai Kati ya riga nata shiga: "Da kin faɗa min farin cikin Abba ya fi miki aikinmu, da na fahimta. Ɓoyewar ce ta yi min ciwo."

"Ni kake zargi? Wanda ya sayar da wahalarmu don a ba shi mata shi ne zai faɗa min haka?"

Daga nan waya ta yi shiru. Ta yi kuka har Ummanta ta gaji da tambaya, shi kuma ya rame kamar mai jinya. Dakta ya ce ko su kawo sabon tsari, ko su maimaita shekara.

Ta je makarantar a lokacin hutun tara don ta kwashe takardunta, ta tarar da Mai Kati a baranda, kowa ya kau da kai. Sai ga wata murya daga B tana jan harufa, yara suna amsawa. Muryar da ta koya mata karatu ce. Suka leƙa tare: hedimasta ne durƙushe a tsakiyar yara, jakarta a gefensa.

Bai ko ji kunya ba. "Ni ne. Na kasa wucewa ta tagar nan."

"Abba, shekararmu ce ka zubar," in ji Da Me.

Mai Kati ya dubi yaran. Ran nan in ya ɗaga murya ya rasa ta, in ya yi shiru ya rasa aikin. Sai ya ce:

"Abba, tsarinmu ne da gyara. Tsarin da mutumin kirki zai kasa bi, ba a gama tsara shi ba. A ba mu aji biyu zango mai zuwa. Ɗaya ya fara, mu auna, zangon gaba ɗayan ya karɓa. Ba wanda aka hana, layi kawai za a bi."

Ta share hawaye ta ƙara da sharaɗi: Abba ba zai sake bi ta tagar ba.

Hedimasta ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Ya ce ya yarda, amma shi ma Mai Kati layi zai bi: ranar da ajin da aka ce ya jira ya karɓi katunansa, ranar ya turo manyansa.

A baranda Mai Kati ya ba ta haƙuri, ta ce ita ma ta yanke hukunci ba ta bincika ba, kada dai Dakta ya ji. Dakta ya karɓi sabon tsarin. Mataimaki ya rage zuwa gaisuwa.

Jiran ya yi wa Mai Kati tsawo. Da ya yi ƙorafi ta tura masa: "Yanzu ka san yadda 'yan B suka ji, abin ƙaunata. Daure."

Ranar da lokaci ya yi, hedimasta da hannunsa ya raba katunan, ya fito ya sami Mai Kati tsaye a bakin ƙofa.

"Akwai wanda bai samu nasa ba?"

"Saura mutum ɗaya, Abba."

Tsohon ya yi dariya har da tari. A hutun zangon aka ɗaura auren. Da za a tafi da ita, ya haɗa hannuwansu cikin nasa, idonsa ya ciko.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ku lafiya. In Ya ba ku 'ya'ya, kada ku hana ɗaya abin da kuka ba ɗaya."

Suka ce amin tare.