Motar da Muka Je Ja a Tafkin Gishiri

Sana'ata jan motocin da suka kafe a hamada, can tsakiyar Ostireliya. Ni da matata Noeleen muke yi, ita ke tuƙi, ni ke shiga ƙarƙashin mota. Wata rana muna dawowa daga kai wa wani makiyayi man dizal, rana ta yi ja, sai oba-obar motarmu ta yi ƙara. Muryar namiji ce, a shaƙe. Ya ce ya kafe a tafkin gishirin da ke gabanmu.

"Wani wawan ya sake hawa gishiri," in ji Noeleen. "Ɗan birni ne, ko tantama babu."

Kowa a nan ya san tafkin. Samansa fari fat, busasshe, ƙarƙashinsa kuma baƙin taɓo ne da ba a san zurfinsa ba. Muka rage iskar taya don kada mu kafe, muka tsaya a bakin gaɓa inda ƙasa ke da ƙarfi.

Motar mutumin na can ciki kaɗan, ta nutse har ƙofa. Mutumin na tsaye kusa da ita, doguwar rigarsa duk laka. Na ɗauki shebur, na ja igiyar injin ja da ke gaban motarmu, na taka a hankali.

Warin ne ya fara tare ni. Na san warin taɓon nan, kamar ruɓaɓɓen ƙwai yake. Wannan daban ne. Mushe ne da ya kwana a rana, ga wani zaƙi-zaƙi a ciki mai tayar da zuciya.

"Sannu, bawan Allah. Tun yaushe kake nan?"

"Na daɗe," ya ce. "Ja ni kawai."

Ƙudaje sun rufe masa fuska, suna shiga hancinsa suna fita, bai kori ko ɗaya ba. Na kawar da kai, na durƙusa ina haƙa a gaban motar don in sami ƙarfen da zan ɗaura igiya. Shebur ya shiga wani abu mai taushi. Na ɗago. Gashi ne, curi guda, da fata a jikinsa. Na ce a raina raƙumi ne ya mutu a nan. Na cusa hannun dama cikin taɓon har gwiwar hannu, na lalubo ƙarfen, na ɗaura. Da na zaro hannun, tsutsotsi ne fal, farare, masu ƙiba, suna bin tsakanin yatsuna.

Na yi amai a wurin.

Sai na ji ana tsotsar wani abu a bayana. Na waiga. Mutumin ya tsuguna, yana ɗibar taɓon da tafin hannu yana sha. Baƙin ruwa na bin gemunsa. Ya miƙo mini.

"Ƙishirwa," ya ce a hankali. "Kai ba ka ji?"

Na ja da baya, na ɗaga wa Noeleen hannu ta kunna injin. Igiya ta miƙe, ta yi tauri, tana kuka. Motar mutumin ko motsi.

Tamu ce ta motsa.

Tayoyinta na jan ƙasa, birki a danne, tana tahowa bakin gishirin.

Na ruga. Ɓawon gishiri na fashewa a ƙarƙashina. Noeleen ta leƙo ta taga, fuskarta ba jini.

"Merv," ta ce da raɗa, "na kashe injin. Ba ni ke ja ba."

"Sa ribas!"

"Tana ribas!"

Tayoyin gaba suka hau gishiri. Na ji ƙas, ƙas.

Na zaro wuƙa daga ƙugu, na hau yankan igiyar. Na ɗaga ido sau ɗaya. Mutumin ya nutse har ƙirji, igiyar a hannunsa, yana jawo ta kamar mai jan guga. Gilasan motarsa sun yi baƙi, ana ta motsi a ciki.

Igiyar ta tsinke. Na faɗa kujera, ƙafata ɗaya a waje, Noeleen ta fizgi motar da baya. Ba mu tsaya ƙara wa taya iska ba sai da muka ga fitilun gari.

Washegari 'yan sanda suka je. Sun ga sawun tayarmu da guntun igiya ya shige cikin gishiri, gishirin kuma lafiya lau, ko tsaga babu, ba mota, ba mutum.

Mun ƙona kayan da na sa, mun sayar da motarmu, mun sayi wata. Har yanzu muna jan masu kafewa a yashi, amma in aka ce gishiri, Noeleen kashe oba-oba take yi. Hannun kuwa na wanke shi da sabulu, da fetur, da ruwan zafi har fata ta saɓule. Likita ya ce ba ya jin warin komai. Amma tsohuwar karyarmu, wadda na raina tun tana jaririya, in na miƙa mata nama da hannun dama sai ta tafi bayan gida ta kwanta. Da hannun hagu nake ba ta yanzu. Ni ma da shi nake ci.