Aron Motsi

Kwaɗayin ƙasa ne ya fitar da Auta daga gida dab da magariba. Tun da cikinta ya tsufa ba abin da ranta ke so irin ɓangoron tsohon bango. Nas ta hana, ta ce ƙarancin jini ne. Mijinta ma ya hana. Amma su ba su san yadda yawu ke tsinkewa ba.

Ta daɗe tana jiran cikin nan, har dangin miji sun gaji da habaici. Saboda haka duk wahalar da ya zo da ita, hannu biyu ta karɓa. Amai da sassafe, ƙin warin albasa, gwangwanin tofar da yawu a gefen keken ɗinkinta. Daga baya ƙwannafi, ciwon ƙugu, ƙafa ta kumbura har sai takalmin mijin ke shigarta. In ɗan ya shure ta, dariya take yi, ta ce, "Sannu da aiki, ƙaramin maigida."

Bayan layinsu akwai wani kango. Tana ɓantarar bangon ta ji nishi.

Wata mata ce zaune a lungu, ta miƙe ƙafa, cikinta ya fi na Auta girma. Fuskarta na cikin duhu. Wari ke tashi daga wajenta irin na tufar da ta kwana a jiƙe.

"Sannu, 'yar'uwa," in ji matar, murya can ƙasa. "Naki yana motsi?"

"Har da shuri."

"Nawa ya kwanta, ya daɗe. Ara mini motsin naki in ji, ko sau ɗaya."

Tausayi ya kama Auta. Ta ɗauka hannu kawai za ta ɗora, yadda mata ke yi wa juna. Ta ce, "Na ara miki."

Hannun sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Yatsun suka yi ta tsawo har suka zagaye mata ƙugu.

Ɗan ya yi shuri ɗaya mai ƙarfi.

Shiru.

Sai zanen matar ya motsa. Auta ta ga shatin ɗan diddige ya taso a cikin da ba nata ba.

Ta fizge jiki ta ruga, bakinta ya kasa kama addu'a.

Washegari ƙwannafi ya tafi. Kumburin ƙafa ya saɓe, ƙugu ya daina ciwo. Maƙwabta suka yi ta cewa, "Kai, kin yi fes, laulayi ya sake ki!" Tana faɗa musu ba ya motsi, suna cewa barci yake yi. A asibiti na'ura ta nuna mahaifa wayam. Likita ya ce dama ba ciki ba ne. Nas ɗin da ta sha jin bugun zuciyar ɗan da kunnenta tana tsaye a wurin, ta sunkuyar da kai.

Da rana tsaka Auta ta koma kangon, ta yi ta dukan bango. "Aro na ce! Ban ce kyauta ba!" Ƙadangaru kaɗai suka watse.

Yanzu duk magariba kukan jariri na tasowa daga can, gaban rigarta ya jiƙe da nono. Mijin ya gaji da ganinta haka, ya kirawo magina su rushe kangon. Ta je ta tsaya a ƙofa, ta ware hannu.

"Ku yi wa Allah," ta ce. "In kun rushe, a ina za a kwantar mini da shi?"