Auta, Jira Na Biyu

Ranar Asabar ce da yamma, Inna ta aike ni mashigi in karɓo mata saƙo. Ƙanwarta da ke aure a ƙetare, can wajen Baturiya, ta aiko da daddawa da busasshiyar kuɓewa ta hannun Baba Sunusi mai fito. Na ce mata sai da safe. Ta ce da safe mutumin yana gona.

"Ai ba ku da wasa yau," ta ce. "Na ji an ɗage."

Gaskiya ta faɗa. Mu 'yan ƙaramar gasa haka muke fama. Ƙungiyarmu, Bakin Kogi Yunaited, ba ta da mota, ba ta da ofis. In wasan waje ya kama, mu magoya baya sai mu tari bas ɗaya, wasu a kan cinyar wasu, ganga a saman kai. Mun taɓa zuwa Kaugama muka tarar alƙalin wasa ya tafi ɗaurin aure. Mun taɓa zuwa wani gari muka tarar an shanya shinkafa a filin, aka ce mu dawo in ta bushe. Ba a gaya maka an ɗage wasa sai ka yi nisa da gida.

Ba gajiya ce ta sa na ja ƙafa ba. Rabona da mashigin nan tun daminar bara, ranar da ruwa ya ci yayana Safiyanu.

Yaya Safiyanu shi ne makaɗin ƙungiya. Sunana Muttaka, amma shi Auta yake ce min. Tun ina ƙarami ni nake ɗaukar masa ganga, ni nake shanya ta a rana fatar ta ɗaure. Sai Haris ya shigo. Ba danginmu ba ne, ba ɗan unguwarmu ba ne. Tela ne da suka haɗu a gidan kallon ƙwallo. Kafin kakar wasa ta ƙare ya karɓe ɗaukar ganga, ya karɓe kujerar da ke kusa da Yaya a mota. In Yaya ya sayi rake a hanya, Haris ne ke shan gindin, ni a miƙo min kan raken can baya.

Ran da abin ya faru, wasanmu a ƙetare ne. Ambaliya ta yanke hanya, bas ta tsaya a bakin ruwa. 'Yan wasa da koci sun ƙetara tun safe. Kwalekwale ɗaya muka tarar, ba zai kwashe mu duka ba. Aka shiga, aka shiga, ya rage wuri ɗaya a gefen Yaya. Har na ɗaga ƙafa. Sai ya sa gular kiɗinsa a ƙirjina, a hankali.

"Auta, jira na biyu. Haris, taho."

Na koma kan tudu, zuciyata na tafasa. A kan tudun ne sabis ya kama, waya ta yi ƙara. Koci ne. Ya ce tun ɗazu yake neman mu, filin ya zama tafki, an ɗage wasan, kar kowa ya taso.

Na yi ihu. Na cire riga ina kaɗawa. Suka ɗauka kirari nake musu, Yaya ya ƙara wa gangar wuta. Kwalekwalen ya kutsa cikin kacala, ciyawar nan mai tsayi da ta cinye kogin, na daina ganinsu. Ina jin kiɗin. Sai ya katse a tsakiya.

Washegari masunta suka tsamo gawarwakinsu, ba wanda ya tsira. Hannun Haris na riƙe da rigar Yaya, da ƙyar aka ɓamɓare. Aka binne su kusa da juna. Masu gaisuwa suka riƙa cewa ka ga amana, tare a duniya, tare a tafiya. Har Inna, in ta idar da sallah, cewa take Allah ya jiƙan Safiyanu da Haris, kamar tagwaye ta haifa. Ni da muka sha nono ɗaya da shi, an bar ni a gaɓa da waya a hannu. Gangar kuwa ba a gan ta ba.

To, na hau babur na kama hanya.

Na isa rana ta yi ja, tana shirin faɗuwa. Babu kowa a mashigi. Masu sayar da kifi sun tashi, sun bar ƙaya da tokar banda. Na kashe babur na zauna a kan wani kifaffen kwalekwale da ya ruɓe, ina jiran Baba Sunusi. Kwaɗi na kuka ta ko'ina. Sauro ya fara bin kunnena. Iska na kawo warin taɓo da ƙarnin kifi. Can nesa, ta wajen gari, na ji an fara kiran magariba, siriri.

Sai kwaɗin suka yi shiru. Gaba ɗaya, kamar an rufe musu baki.

Na ji ganga.

Sautin ba ya tashi sama. A kwance yake, mai nauyi, irin na fatar da ta sha ruwa. Amma hannun na san shi. Yaya yana da wani ɗan jinkiri kafin dukan ƙarshe, wanda na yi shekaru ina kwaikwayo ban iya ba. Shi ne. Ba mai yin sa sai shi.

Kacala ta fara darewa. Babu ƙarar filafili, babu ƙarar sanda a ruwa. Hancin kwalekwale ya ɓullo, baƙi, bado ya nannaɗe shi. Na duba baya inda mai tuƙi yake tsayawa. Babu kowa a wurin.

A cike yake da mutane. Dukkansu sanye da korayen rigunanmu, rigunan sun manne a jikinsu, ruwa na ɗiga daga haɓarsu. Suna rera waƙarmu ta tafiya, amma a raɗa, kamar masu gudun kar su tashi jariri.

"Mun taso, mun taso. A buɗe mana fili."

Na so in ce a'uzu billahi. Harshena ya yi nauyi kamar an ɗora masa dutse.

Kwalekwalen ya taɓa gaɓa. Ko motsi ruwan bai yi ba. Warin ya ƙaru, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa.

Yaya na tsakiya, ganga a cinya, kansa a sunkuye. A gefensa Haris. Kafaɗa na gogar kafaɗa.

Zan faɗi gaskiya ko da za a ce ba ni da hankali. Da na gan su haka, tsoron ya ja baya. Abin da ya taso min shi ne abin nan da na saba ji a kujerar baya ta bas. Ƙirjina ya ɗauki zafi. Na ce a raina, har yanzu?

Haris ya ɗago kai. Fuskarsa ta yi fari fat, kamar tafin hannun mai wanki. Ya miƙe tsaye a hankali, kwalekwalen bai ko girgiza ba. Ya nuna min katakon da ya tashi a kai.

"Muttaka," ya ce ƙasa-ƙasa. "Zo. Yau kai za ka zauna kusa da shi."

Ban taɓa jin maganar da ta yi min daɗi kamar wannan ba.

Na tashi. Na taka taɓo. Na shiga ruwa har idon sawu, har ƙwauri. Sanyinsa ya ratsa ƙashi. Na san abin da suke. Na san inda aka kwantar da su, da hannuna na zuba ƙasa. Duk da haka idona na kan katakon nan.

Na ɗora ƙafa ɗaya a ciki.

Ƙafar ba ta taka katako ba. Ruwa ta tarar, da ciyawa mai santsi, da wani abu mai laushi da ya motsa.

Sai na ji gula a ƙirjina. A hankali.

Yaya bai ɗago ya dube ni ba.

"Haris, koma wurinka," ya ce. "Auta, jira na biyu."

Wallahi da mari ya yi min da ya fi sauƙi. Idona ya rufe. Na manta da magariba, na manta da su wa nake magana.

"Har a nan ma, Yaya?" na ce. "Ni Inna ta haifa bayanka, ba shi ba. To ku je. Ku je ku gani. An ɗage wasan. Tun ranar aka ɗage. Ba kowa a filin, ba wanda yake jiranku."

Waƙar ta tsaya.

Kawunan suka juyo, ɗaya bayan ɗaya. Ina jin ruwa na zuba daga kunnuwansu.

"An ɗage?" wani ya raɗa daga baya.

"Zuwa yaushe?"

"To ina muke zuwa?"

"Shi ya sani. A riƙe shi."

Hannu ya kama min idon sawu. Wani ya kama ƙwauri. Yatsun sun yi taushi kamar dafaffen rogo, amma riƙonsu kamar ƙarfe. Suka fara ja. Ƙafata ta waje ta zame a taɓo. Ruwa ya kai min cinya. Ya kai ƙugu.



Ya kai ƙirji.

A nan ne Yaya ya ɗago. Idanunsa a buɗe suke, amma ba sa kallon komai. Ya yi 'yar dariyar nan tasa ta hanci.

"Ku ma dai," ya ce. "Maganar Auta za ku ɗauka? Ƙarya yake. Haushi ne, don ba shi aka zaɓa ba. Kun san halinsa tun a mota."



Sai wani ya fara dariya, can ƙasan maƙogwaro, kamar tulu na cika da ruwa. Wani ya kama. Duk suka ɗauka.

"Auta ke nan."

"Kullum fuska a ɗaure."

"Sake shi, za mu makara."

Yatsun suka sassauta. Gular ta tura ni baya da ƙarfin da ban taɓa sanin Yaya da shi ba. Na faɗi rigingine, na sha ruwa, na yi rarrafe, na kama saiwar ciyawa na ja jikina kan gaɓa.

Gangar ta ci gaba daga daidai inda ta katse bara.

Kwalekwalen ya juya, ya shige kacala. Ciyawar ta haɗe.

Kwaɗi suka dawo da kuka.

Baba Sunusi ne ya tsince ni, da ƙullin daddawar Inna a hannunsa. Ya ce ya tarar da ni kwance a taɓo, takalmi ɗaya babu, ina ta maimaita cewa ni ba ƙarya na yi ba. Shi ya goya ni a babur ɗina har ƙofar gida. Na yi kwanaki da zazzaɓi. Fatar ƙafata ta dama ta saɓule daga idon sawu zuwa gwiwa, har yau wurin ba ya jin zafin rana.

Inna ta kira Malam Abdulmannan, limamin unguwarmu, ya yi min addu'a. Na ba shi labari duka, ban rage komai ba. Ya ce in cire wa raina cewa Safiyanu na gani. Mamaci ba ya dawowa, yana inda Allah ya ajiye shi. Ya ce mutanen ruwa ne, sukan ari kamannin wanda zuciya ta fi rataya a kansa.

Na ce, "To Malam, in su ne, me ya sa ɗaya ya hana su tafiya da ni?"

Ya ja carbinsa. Ya ce, "Wannan kuma sanin gaibu sai Allah. Kai dai ka gode masa. Ko mene ne, sau biyu ke nan ana hana ka shiga jirgin nan."

Na gode. Ina godiya kullum.

Na daina bin ƙungiya wasan waje. Da suka haɗa sabuwar ganga suka kawo min gida, na ce su ba wani. In yara suka zo shagona suna ƙorafin an sake ɗage musu wasa bayan sun ƙona mai har rabin hanya, ba na sa baki. Kuma duk abin da Inna take so daga ƙetare, sai dai a kawo mata har gida.

Mutane sun ɗauka hannayen nan ne suke hana ni barci. Ba su ba ne. Lokacin da kwalekwalen yake juyawa, ina kwance a gaɓa ina aman ruwa, na ɗaga kai na duba. Na ga Yaya ya karkata ya faɗa wa Haris wata magana a kunne. Haris ya waiwayo ya kalle ni, ya gyaɗa kai, ya yi murmushi.

Malam ya ce ba su ba ne. Na yarda.

Amma har yau ina son in san me ya gaya masa.