Lambar Nijar a Fom ɗin Saliha

"Ba zan cire ba, Alhaji."

Haka Saliha ta faɗa wa Alhaji Mamuda, shugaban 'yan hatsi na kasuwar Kaura Namoda, a gaban jama'arsa. Ita ta gina wa ƙungiyar shafin rajista, ga shi fom ɗin ya ƙi karɓar lambobin wayar fataken Nijar masu shigowa ta Shinkafi. Alhaji ya ce a cire tantancewar lambobin baki ɗaya. Ta ce in ta cire, ranar rabon taki za a yi ta kiran lambobin da ba na kowa ba.

Ɗansa Nuruddeen ya biyo ta har bakin keke napep. Ya ce shi ma kwamfuta ya karanta, ta daure ta nuna masa.

A kan buhun gero ta buɗe kwamfutar, ta shiga yi masa bayani. Aji guda ne uwa, wato ɓangaren manhajar da ke duba suna da lamba, fom ɗin manoma da na direbobi duk daga gare shi suka gada. Lambar Nijar ba ta kai tamu tsawo ba. Sai a yi wa fatake ajinsu, ya gaji komai, ya sauya dokar lamba kaɗai.

Nuruddeen ya ɗora yatsa kan wani layi. Ya ce ta ajiye kurakurai a jikin ajin, shi ya sa kuskuren mutum ɗaya ke bin na bayansa. Kowane mai rajista sai an buɗe masa nasa object ɗin, wato ma'ajiyarsa shi kaɗai. Ta harare shi, ta gyara, dariya ta ƙwace mata.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Injiniyata, na gwada lambar Maraɗi, ta shiga. Yaushe zan zo in ga Babanki?"

Ta mayar: "Garinmu Zurmi ba nisa, sarkin gyara."

Da maganar aure ta taso, Alhaji ya ce ba zai nema wa ɗansa auren ba sai ta amsa a gaban ƙungiya cewa ita ce da kuskure. Saliha ta je ta durƙusa, ta nemi gafarar ɗaga murya.

"Amma tantancewar daidai take, Baba."

Alhaji ya ƙi zuwa, ƙanensa Shehu ne ya karɓi auren a Zurmi, aka yi ta sa albarka, Nuruddeen baki har kunne.

Aikin kuwa an ba wani, an goge sunanta daga shafin. Har yau in ta gaida surukinta, "lafiya" kaɗai take samu.