Kwano Na Biyu

A wani zamani an yi wata mata mai dafa wa mabukata abinci a majami'ar garinsu. Ta iya rabo ƙwarai, kowa ya zo sai ya samu. Da yunwa ta faɗa wa wata ƙasa a ƙetaren teku, sai fasto ya sa ta cikin masu kai taimako.

A can mutane sun yi yawa, hatsi kuwa kaɗan ne. Sai ta kafa doka cewa ludayi ɗaya za a zuba wa duk wanda ya zo da ƙafarsa.

Ran nan wata tsohuwa ta miƙo kwano biyu. Tafinta ya ce, "Wai ɗayan na 'yarta ne, tana kwance ba ta iya tashi."

Matar ta ce, "Kowa ma haka zai ce. Ludayi ɗaya ne, Iya."

Kashegari tsohuwa ta sake miƙo kwano biyu. Matar ta dubi nata abincin da ta rufe a gefe, ta kau da kai, ta ce, "Ludayi ɗaya ne, Iya."

A rana ta uku tsohuwa ta zo da kwano ɗaya. Matar ta ɗauko nata abincin da sauri ta ce, "Ga na 'yarki, kai mata."

Tsohuwa ta girgiza kai, ta yi magana a hankali. Tafinta ya sunkuyar da kai ya ce, "Wai ta gode, amma da safe aka binne ta."