Ƙwaryar da Duba-gari Ya Ƙi Buɗewa

Ranar da Uwaisu ya fara ganin Kulu, randarta ya fasa.

Ba da gangan ya yi ba, ko da yake mutanen Kudan ba su taɓa yarda ba, don a wancan lokacin, shekara biyu da samun 'yancin kai, babu laifin da ba za a ɗora wa duba-gari ba. Hukumar En'e ce ta turo shi daga garinsu Paki, da kaki da keke da wani dogon ludayi, aikinsa ya bi gida-gida yana leƙa ruwan sha. A gidan Baffa Tanko ya tarar da randa a buɗe, 'ya'yan sauro na ta shawagi a ciki. Ya karkata ta zai zubar, ta suɓuce masa, ta dare gida biyu.

Kulu, 'yar ƙanin maigidan, ta fito daga ɗaki. Ta dubi randar, ta dube shi. Ba ta yi ihu ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi.

"Ta mahaifiyata ce," ta ce. "Ita kaɗai ta rage min a kayanta."

Maimakon ya ba ta haƙuri, kunya ta sa bawan Allah ya shiga yi mata wa'azin amfanin murfi. Tun daga ranar ta raɗa masa Malam Murfi, kafin mako ya zagayo sunan ya bi gari.

Gaskiya Uwaisu ya sha kaɗaici a Kudan. Da an ji ƙararrawar kekensa, mata su fara yi wa juna ishara ta kan katanga. In ya doshi majalisa hira ta mutu, a masallaci a ba shi hannu a yi gaba. Shi zai dafa, shi zai ci, shi zai wanke kwanonsa, wani lokacin har ya tsinci kansa yana yi wa keke magana. Ana cikin haka magidanta suka kai ƙara wurin dagaci cewa ba su yarda tuzuru ya riƙa shigar musu gida ba. Dagaci ya ce ko dai a ji ya kama neman aure, ko a rubuta a mayar da shi.

Ita ma Kulu tana da tata damuwar. Bazawara ce mai ƙuruciya, mijinta ya rasu shekara guda da aurensu, ta dawo gidan baffanta tana zaune kamar baƙuwa. Ta yi ajin yaƙi da jahilci, har aka zaɓe ta zuwa koyon aikin unguwarzoma a Zariya. Baffa Tanko ya ce macen da babu sunan kowa a kanta ba za ta je birni ba. Tukur mai injin mazarƙwaila yana sonta, amma ya ce matarsa ba ta zuwa karatu.

Ita ta fara kawo maganar, a zauren gwaggonta Ummuhani, tana kallon bango don kada ta kalle shi. A yi baiko na ganin ido, shi ya tsira da aikinsa, ita ta samu tafiya. In tafiyar ta matso, Gwaggo za ta mayar masa da kayan baikonsa a ɓoye, a cikin ƙwaryar da ya kawo su, daga baya a ce abin bai yiwu ba.

"Kada ka ɗauka na yafe randata," ta ce.

"Ban roƙa ba," in ji shi. Ya dawo gida yana cizon yatsa a kan wannan amsa.

Baffa Tanko ya tubure, ya ce duk mazan Kudan sai wanda ya yi masa ɓarna a tsakar gida? Gwaggo Ummuhani ta bi shi da lallashi har ya sauko. Aka kai turmin atamfa da zobe a cikin wata ƙwarya mai zane, aka raba goro.

To baiko kuma yana da hakkinsa. Dole ya zo zance Litinin da Alhamis bayan la'asar don mutane su gani, dole a riƙa kai masa tuwo daga gidansu. Da farko kowa bakin tabarmarsa yake kamawa, in an yi magana faɗa ne. Ta ce ludayinsa ya fi shi fara'a, ya ce miyarta gishiri ya yi yawa, alhali har kwanon yake suɗewa. Tukur ya bi gari yana cewa wannan baiko da walakin, masoyan da ba sa dariya. Sai suka fara dariyar dole. Ba su san ranar da ta zama ta gaske ba.

Wata Alhamis ta tambaye shi abin da ya sa yake tsananta wa mutane a kan ruwa. Ya ce zazzaɓi ne ya ɗauke mahaifiyarsa da ƙannensa biyu a damina ɗaya, yana ɗan shekara tara.

"Ni ma ba abin da ya rage min nata," ya ce. "Ki yafe min randarki, Kuluwa. Tun ranar nake so in faɗa."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. "Ka daɗe ba ka roƙa ba, Malam Murfi."

Wannan karon sunan bai yi masa ciwo ba. Ya koma gida yana tura keke a ƙasa, ya san ya kamu, ya kuma san alkawari alkawari ne. Motar Zariya za ta tashi ranar Juma'a ta sama, kuma ba shi da bakin da zai ce wa mace mai shirin karatu ta ɗauki wasa da gaske.

Ranar Talata Gwaggo Ummuhani ta yi sallama a ƙofarsa, ta ajiye ƙwaryar nan mai zane, an rufe ta da faifai an ɗaure da tsumma. Ta ce saƙon Kulu ne, ta juya tana murmushi. Shi bai ga murmushin ba, ƙwaryar kawai ya gani.

Mutumin da ya ɗaga murfin kowace tukunya a Kudan ya kasa ɗaga wannan. Ya tura ta ƙarƙashin gado. Me zai gani, atamfarsa da zobensa? Laraba ya fita aiki kamar mara lafiya. Alhamis la'asar ta yi, ya sa riga, ya tuna ba shi da sauran dalilin zuwa, ya cire. Kaɗaicin da ya sani a da ashe wasa ne, don a da bai san daɗin a jira shi ba.

Juma'a da hantsi wani tsami ya cika ɗakin. Hancin duba-gari ba ya barin irin wannan, ya bi shi har ƙarƙashin gado. Atamfa dai ba ta tsami. Ya kwance tsumman, sai ga curin fura guda bakwai duk sun yi fumfuna, da takarda a soke cikin saƙar faifan.

"Zuwa ga Malam Murfi. Bayan gaisuwa mai yawa. Ga fura na kirɓa maka da hannuna. Kayanka kuwa ba ni da niyyar mayarwa, na riga na ɗinka atamfar. In abin da ke raina shi ne a ranka, ka zo zance ranar Alhamis yadda ka saba. In ba ka zo ba na gane, Gwaggo za ta kawo maka zobenka bayan na tafi, kuma ba zan riƙe ka ba. Ni ce taka, in kana so, Kulu."

Yadda ya taka keke a ranar, kaji ma sun shaida. Ya tarar da motar a bakin kasuwa an gama lodi. Kulu na zaune a kan benci a baya, sanye da atamfar, idanunta sun kumbura. Ta gan shi ta kawar da kai.

"Jiya har magariba ina zaure," ta ce.

"Yanzun nan na buɗe. Na ɗauka kayana kika maido, na ji tsoron gani."

Ta juyo ta dube shi, ga gumi, ga takarda a hannu. "Kai? Kai da ba ka bar tukunyar kowa ba a garin nan?"

"Waɗancan ba raina ne a ciki ba, Kuluwa. Ki je ki yi karatunki. Ina nan, ko shekara nawa ne."

Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, kuka ne ko dariya shi dai bai tantance ba. Da mota ta fara motsi ta miƙo hannu ta yadda zai ga zoben, ta ce wata tara ne kawai, kuma ya riƙa buɗe wasiƙa ranar da ta zo.

Bayan wata tara aka ɗaura aure a ƙofar gidan Baffa Tanko, wanda da bakinsa ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zuri'a mai jin ƙai. Magidantan da suka kai ƙara su ne a sahun gaba, don unguwarzomar da za ta riƙa shiga gidajensu ce amarya. Da aka kai Kulu ɗakinta, ta tarar da sabuwar randa a bayan ƙofa, wadda ango ya ɗauko a ka tun daga kasuwar Maƙarfi don kada keke ya fasa ta. An cika ta da ruwa, an rufe. Ta ɗaga murfin ta sha, ta mayar da shi yadda ta same shi.

Allah ya bar su tare, ya sa mu ma mu dace da masu jiranmu.