Gurbi Ɗaya a Kwalejin Redmoor

Mai shara ce ta fara jin ihun. Da ta leƙa ɗakin motsa jiki na sakandaren Sumac Bend da safiyar Litinin, sai ta tarar da Tavaris Oglesby kwance a ƙasa, sandar ɗaga nauyi ta danne masa gwiwar dama, ƙafar ta karkace.

Kafin 'yar sanda Sajan Loretta Mims ta iso, motar asibiti ta tafi da shi. Ta durƙusa gaban ƙarfen da ke tare sandar idan ta suɓuce. An kwance notinsa, an bar shi maƙale yadda ido ba zai gane ba. Babu ƙarzuwa ko ɗaya a jikin notin. Wanda ya yi aikin ya zo da sifanar da ta dace, kuma ya san Tavaris kaɗai ke ɗaga nauyi kafin a shiga aji.

A wannan yanki na jihar Alabama babu yaron da ya kai Tavaris gudu in ya rungumi ƙwallo a wasan ƙwallon Amurka. Kwalejin Redmoor ta yi masa alkawarin karatu kyauta, uwarsa har ta sanar a coci. A Sumac Bend, yaron da ƙwallo bai fitar ba, masana'antar fige kaji ce ke jiransa. Sai dai Redmoor na cikin tsaka mai wuya. An kama ta tana rubuta wa 'yan wasanta jarrabawa, ana jiran hukunci, abokiyar hamayyarta Kwalejin Tolbert kuma ta baza mutane suna zawarcin yaranta.

Loretta ta fara da mutumin Tolbert, Colt Renfro. Ta same shi a gidan abinci yana cin soyayyen tarwaɗa.

"Mista Renfro, an ce Tavaris ya jefar da hular kwalejinku da ka ba shi a gaban jama'a."

"Ya jefar. Na ɗauka na karkaɗe." Ya goge baki. "Sajan, ni ƙafafu nake nema, ba karya su nake yi ba. Redmoor nutsewa take yi, yaranta sai kirana suke. Da na ƙara haƙuri, shi ma zai kira."

"Ina kake Asabar da Lahadi?"

"Garin Mobile, gidan iyayen wani yaro. Tambaye su."

Ta tambaya, suka tabbatar. Ga shi ba shi da makullin ɗakin.

Koci Dunaway, mai horar da 'yan wasan sakandaren, yana da makulli. Ta iske shi a bakin fili, idanunsa jajawur.

"Ni zan karya Tavaris? Shekara nawa ina jiran irinsa? Shi ne kawai abin da zan nuna in ce na yi aiki a garin nan."

"Wa kuma ke da makulli, Koci?"

"Mai shara, sai Wendell Pickett. Shi ke gyara mana ƙarafa kyauta. Ɗansa Quentin wuri ɗaya suke bugawa da Tavaris."

"Akwai kishi tsakaninsu?"

"Kishin me? Duk su biyun Redmoor ta ɗauka. Tare za su tafi."

Wendell na ƙarƙashin wata tsohuwar mota a garejinsa. Benci ɗaya suke zama da Loretta a coci tun suna yara.

"'Yar'uwa Loretta, kin zo kama ni ne ko taya ce ta yi faci?"

"Makulli na zo tambaya, Ɗan'uwa Wendell."

"Ga shi can a rataye, kowa na iya ɗauka." Ya girgiza kai. "Allah sarki yaron nan. Gurbi ɗaya ya rage a Redmoor, kuma kowa ya san nasa ne. Dubi yadda ta ƙare."

Ta yi masa sallama. A cikin mota ta daɗe riƙe da sitiyari ba ta tayar ba. Sannan ta kira uwar Tavaris a asibiti. Matar ba ta taɓa jin zancen gurbi ɗaya ba. Ta kira jami'in da ke ɗaukar wa Redmoor 'yan wasa. Ya yi ta kewaye-kewaye, sai da ta ce masa za ta zo ofishinsa a motar 'yan sanda.

"To, ji," in ji shi. "Hukuncin ya fito, ba a dai sanar ba sai Laraba. An zabge mana guraben karatu. A wurin da yaran nan ke bugawa, ɗaya ya rage mana."

"Wa ka faɗa wa a Sumac Bend?"

"Uban Quentin kaɗai, ranar Juma'a. Na ce ya nema wa ɗansa wani wuri. Taimakonsa na yi."

Da ta koma garejin, Wendell na zaune a kan taya, ko kai bai ɗaga ba.

"Koci ya ce tare za su tafi," in ji Loretta. "Uwar yaron ma haka ta sani. Jarida ba ta buga ba. A garin nan mutum ɗaya aka faɗa wa gurbi ɗaya ya rage, kai kuma ka ce mini kowa ya sani. Kana da makulli. Ka san lokacin da yake shiga. Notin kuma hannun makanike ne ya kwance shi."

Ya murza tsumma a hannu.

"Na ɗauka targaɗe zai yi," ya ce. "Ya kwanta 'yan makonni, su ɗauki Quentin, shi ke nan. Tavaris ai ko'ina za a ɗauke shi. Ɗana fa? Kin san yadda hannun uwarsa ya lalace a masana'antar can. In kai shi can shi ma?"

"Likita ya ce Tavaris ba zai ƙara gudu ba."

Wendell ya rufe fuska. Ta bar shi ya wanke hannu kafin ta sa masa ankwa.

Ranar Laraba aka sanar da hukuncin. Redmoor ta ba wa wani yaro daga jihar Georgia gurbin, don ba ta son ƙarin abin kunya. Tolbert ma ta ce ba ruwanta da ɗan Wendell Pickett. Quentin ya daina zuwa makaranta.

Loretta ta je asibiti ɗaukar bayanin Tavaris. Ƙafarsa na rataye cikin ƙarafa, wayarsa a kan ƙirji. Ta faɗa masa wanda ya yi. Bai yi zagi ba, bai yi kuka ba.

"Baba Wendell ne ya koya mini tuƙi," ya ce. Ya duba fuskar wayar, ya kife ta. "Sajan, ke da kika yi magana da mutumin Redmoor, ya tambayi jikina?"

Loretta ta rufe littafin bayaninta. Mutumin Redmoor bai tambaya ba.